Peugeot 406 ta rasa ƙarfi rana ɗaya: ringi ne, ko bel ɗin taimin?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani kafin in kashe kuɗin da ba ni da shi. Motata 406 ce, ƙirar D9, mai injin EW10. Tun makon jiya ta rasa ƙarfi baki ɗaya. Sai an daɗe ana kik kafin ta tashi, in ta tashi kuma silo ba ya tsayawa, sai kakkarwa. Gadar Ƙofar Nasarawa ma da giya biyu na hau ta, ina taka totur tana nishi. Wani lokaci tana yin fat-fat ta salansa. Mai kuwa sha take yi ba kaɗan ba. Bakanikena ya canza fulogi, ya wanke nozul, ya ɗora wani kwayil ya gwada, babu abin da ya sauya. Yanzu ya ce inji ya gaji, ko dai a yi ringi, wato a canza zobban da ke jikin fistin, ko in nemi na Beljiyam. Me kuka gani?

Mai Beljiyam:
Wa alaikumus salam. Malam, bakanikenka bai yi ƙarya ba. In ka lissafa ringi da metal da gasket da kuɗin aiki, ga baƙin mai da filta, ka kusa kuɗin inji. Kuma aikin ringi sa'a ne, wani ya yi kyau, wani bayan 'yan watanni hayaƙi ya dawo. Ka ɗora na Beljiyam ka huta.

Baba Tsohon Direba:
Ɗana, kafin a kai ga sayen inji, tana hayaƙi? In tana yi, wane launi? Tana cin baƙin mai? Injin da ringinsa ya mutu ba ya ɓuya. Shuɗin hayaƙi zai bi ka duk inda ka je, kuma kullum kana cikin ciko.

Abban Sadiq:
Baba, babu shuɗin hayaƙi. Sai ɗan baƙi-baƙi da warin ɗanyen fetur. Baƙin mai yana raguwa kaɗan, amma wannan yoyo ne, ina ganin ɗigonsa a ƙasa ta gefen fasinja, wajen da bel yake.

Oga Na Panteka:
Malam Abban Sadiq, a hankali ƙarfin ya riƙa raguwa, ko kuwa rana ɗaya ka gan ta haka? Me ya faru da motar a ranar ƙarshe da take lafiya? Yaushe rabon da a canza bel ɗin taimin? Sannan da ya ce inji ya gaji, gejin auna matsi ya sa ya auna, ko da kunne ya ji?

Abban Sadiq:
Oga, rana ɗaya ne. Da daddare lafiya lau na ajiye ta, in ban da ɗan girgiza da ta daɗe tana yi a silo da safe. Washegari batir ya ƙi. Yaran unguwa suka tura, ƙanena yana ciki, ya saki kuloch a giya ɗaya. Ta fizga da ƙarfi sannan ta tashi. Daga nan ne ba ta sake komawa daidai ba. Batir na canza, amma ƙarfi bai dawo ba. Bel kuwa tun da na sayi motar ba a taɓa shi ba, wanda ya sayar mini ya ce sabo ne. Geji kuma ba a sa ba. Ya saurari kik ne ya ce yana juyawa sakayau, wato babu matsi.

Oga Na Panteka:
To, abu na farko, don Allah kada a sake tayar da motar nan. Kada a yi kik, kada a tura. A bar ta inda take.

Ringi ba ya cinyewa a dare ɗaya. Shekaru yake ɗauka, kuma yana ba ka labari tun da wuri, da hayaƙi da cin baƙin mai da fulogi mai maiƙo. Abin da yake iya faruwa cikin ƙiftawar ido shi ne bel ya tsallake haƙori. Duk abin da ka faɗa can ya nufa: tsohon bel da ba a san shekarunsa ba, baƙin mai yana yoyo daidai wajensa, sai kuma fizga a giya ɗaya.

Ga yadda abin yake. Karanshaf a ƙasa shi ne yake tare da fistin. Kamshaf biyu a sama su ne suke buɗe bawul suna rufewa, ɗaya na shiga, ɗaya na fita. Bel ɗin taimin ne ya ɗaure su wuri ɗaya, ƙasa ta juya sau biyu, sama ta juya sau ɗaya. In bel ya saki, aka fizgi karanshaf, sai fulin ƙasa ya wuce ya bar bel a baya da haƙori ɗaya ko biyu. Daga nan bawul suna makara a komai. Fistin ya fara hawa don ya matse iska da mai, bawul ɗin shiga bai gama rufewa ba, sai wani kaso ya koma ta inda ya fito. Ka ɗauki sirinji ka toshe bakinsa da yatsa ka danna, za ka ji ƙarfi. Ka bari sai ka danna rabi sannan ka toshe, ƙarfin da za ka ji kaɗan ne, alhali robar sirinjin lafiyarta ƙalau. Bakanikenka ya ji daidai da ya ce babu matsi. Abin da bai tambaya ba shi ne ta ina matsin yake gudu.

Injiniya Ƙarami:
Ƙari a kan bayanin Oga, don a ga girman haƙori ɗaya. A ce fulin ƙasa yana da haƙora 20. Da'ira digiri 360 ce, ke nan kowane haƙori digiri 18 ne. Biyu sun zama 36. A lissafin buɗe bawul da rufewa wannan tazara ce babba, shi ya sa mota take iya tashi amma ba ta iya ja.

Mai Beljiyam:
Oga, na ji bayaninka, amma ai maganata ta ƙara ƙarfi. 406 in taimin ya goce, fistin ya doki bawul, shi ke nan. Ko ta yaya sai an buɗe inji. To me ya rage?

Maman Ilham:
Ni fa abin nan ya ɗaure mini kai. Camry ɗina mai injin 2.2 bel ya taɓa tsinke mini a hanyar Zariya. Mota ta mutu, aka jawo ta, aka sa sabon bel, ta tashi, har yau ina hawa. Babu wanda ya yi zancen bawul. Me ya sa tasa za ta bambanta?

Oga Na Panteka:
Hajiya, Allah ya taimake ki da irin injin da kike da shi. Wancan 2.2 na Toyota, 5S-FE, ko bawul ya tsaya a buɗe fistin ba ya kai masa, akwai rata tsakaninsu. EW10 ba haka yake ba. Wurin da bawul yake sauka in ya buɗe, nan fistin yake zuwa in ya hau, lokaci ne kawai yake raba su. Haka injinan Honda masu bel suke, su Accord na kafin 2003 da tsofaffin Civic. A irin waɗannan, bel ya tsinke ana gudu, bawul sun lanƙwashe.

Amma Alhaji Mai Beljiyam, tsinkewa daban, tsallake haƙori daban. Motar nan tana tashi, tana tafiya, har ta hau gada. Da bawul sun lanƙwashe a duka silinda huɗun da ba ta tashi ba. Haƙori ɗaya, wani lokaci har biyu, inji yana iya tsira. Na gaba ne ba a san abin da zai yi ba, shi ya sa na ce a daina kik. Kuma ko da bawul sun taɓu, wannan aikin tof ne, wato kan inji inda bawul suke. Ba a jefar da ƙasan inji mai lafiya saboda bawul.

Baba Tsohon Direba:
Wannan ciwo na zamani ne. Mu da muka ja 504 daga Kano zuwa Jos ba mu san bel ɗin taimin ba. Sarƙa ce a cikin inji, tana wanka da baƙin mai, in ta tsufa ta yi ta ƙara tana sanar da kai. Tun da aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975 hannun kanikawanmu ya saba da wancan inji. Da 406 ta zo da roba, sai mutane suka ci gaba da riƙe ta riƙon 504, sai abu ya yi ƙara ake dubawa. Shi kuwa bel ba ya ƙara. Na ga direbobi da yawa da ya tsayar a daji ba sallama.

Rewaya:
Ni a ganina duk an yi gaggawa. A sa kwamfuta tukuna. Peugeot tana da tata, PP2000, za ta karanta komai. Sau nawa ake cewa inji ya mutu, ashe sensar karanshaf ce ko ta ruwan zafi? Sensar ruwa in ta lalace mota tana shan mai, tana baƙin hayaƙi, tana wuyar tashi. Duk ya faɗi waɗannan.

Oga Na Panteka:
Ban ƙi kwamfuta ba, Malam Rewaya, a sa. Karanta abin da ta riga ta ajiye ba ya buƙatar a tayar da mota. Sai dai sensa ba ta sa kik ya juya sakayau. Kwamfuta za ta ce maka silinda kaza tana misin, wato ba ta ƙona mai daidai, ba za ta ce maka wuta ce babu, ko mai, ko matsi ba. Na ga motar da aka canza wa kwayil da nozul da sensa har da birenbos, wato kwamfutar cikin mota, aka tara kuɗi mai yawa a kanta, ranar da aka sa geji aka tarar silinda ɗaya ba ta riƙe komai.

Rewaya:
Ni ma na ga wadda aka sauke wa tof a banza, ashe waya ce ɓera ya ci. Kowa da abin da ya gani, Oga. A yi duka biyun.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina bin zancen daga nan Maraɗi, mu ma 406 tana da yawa wajenmu. Oga, a yi mana bayanin yadda ake awon nan daidai. Gejin da ke garejin da nake zuwa da bar yake karantawa, ku kuma ina jin kuna cewa psi.

Oga Na Panteka:
Wa alaikumus salam. Bar ɗaya psi 14.5 ne, sai ka lissafa. Injin fetur mai lafiya yakan ba da tsakanin bar 10 zuwa 14, wato wajen psi 150 zuwa 200. In ya sauka ƙasa da psi 100, wajen bar 7, wannan silinda da ƙyar take ƙona mai. Amma abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne daidaito. Kada tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kamar kashi 10 cikin 100.

Yadda ake yi: a cire fulogi duka huɗun, ba ɗaya ba. A cire soket ɗin kwayil, a katse mai ta fiyus ko rilen famfo, don kada nozul su yi ta fesa fetur suna wanke bangon silinda. Batir ya zama cike. A taka totur har ƙasa a riƙe. Wannan shi ne abin da yara suka fi mantawa, in totur yana rufe iska ba ta shiga sosai, sai lamba ta fito ƙasa da gaskiya. A ɗaura geji a ramin fulogi, a yi kik har allura ta daina hawa, bugu biyar ko shida. Kowace silinda a yi mata daidai da 'yar'uwarta, a rubuta a takarda. A ka'ida da inji mai ɗumi ake yi.

Ga motar Malam kuwa, tunda muna zargin bel, a fara buɗe marfin taimin na sama a duba. A sa sifana a fulin ƙasa a juya inji da hannu, ta inda yake juyawa, zagaye biyu, fulogi a cire. In an ji ya cije kada a tilasta. In ya zagaya sumul kuma haƙoran bel suna nan, sai a yi awon a sanyi.

Abban Sadiq:
Na kai wa bakaniken wannan bayani. Da farko bai ji daɗi ba, amma mutumin kirki ne, ya aro geji wajen maƙwabcinsa. Marfin taimin na sama ma babu shi, ya ce tun zuwan motar wajensa bai gan shi ba. An juya da hannu, bai cije ba. Ga abin da yaronsa ya rubuta: ta ɗaya 118, ta biyu 85, ta uku 120, ta huɗu 115. Malam Rewaya, an sa kwamfuta kuma, ta nuna misin a silinda ta uku. Wannan ya rikita mu, tunda ta biyu ce mai rauni.

Mai Beljiyam:
To kun gani. Babu ɗaya da ta kai 150. Inji ya ƙare, Malam.

Injiniya Ƙarami:
Ko gasket ne ya ƙone?

Oga Na Panteka:
Daga wane gefe yaron ya fara ƙirga? In daga wajen bel ya fara, to kwamfuta da geji magana ɗaya suke yi. Peugeot daga gefen giyabos take ƙirga silindarta. Ta biyu daga bel ita ce ta uku a wajensu. Mu riƙa ce mata ta uku daga yanzu.

Injiniya, gasket in ya ƙone tsakanin silinda biyu, maƙwabta biyu ne za su faɗi tare, sauran su tsaya da ƙarfinsu. In kuma ta hanyar ruwa ya ɓalle, za ka ga lagireto yana kumfa, ruwa yana raguwa, ko farin hayaƙi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Malam bai faɗi ko ɗaya ba.

Ku dubi lambobin da kyau. 118, 120, 115. Injin da ya tsufa ba ya cinyewa daidai wa daida haka, kowace silinda da irin gajiyarta. Uku sun faɗi tare, kusan lamba ɗaya, a rana ɗaya. Abu ɗaya ne ya haɗa su, shi ne kamshaf. Ita kuma mai 85 tana da wannan ciwon, tana kuma da nata na daban a kai. Matsala biyu nake gani a nan.

A yi mini abu ɗaya. A zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowane ramin fulogi a sake aunawa. Man yana toshe ratar da ke tsakanin ringi da bango na ɗan lokaci. In ringi ne, lamba za ta yi tsalle sosai. In ta ɗan motsa kawai, ƙasa lafiya take, a sama iska take gudu.

Abban Sadiq:
Daga wajen bel ya fara, Oga. An zuba man. Ukun nan sun ƙaru da 5 zuwa 8. Mai 85 ta koma 90.

Baba Tsohon Direba:
Alhamdu lillahi. Ringinka lafiya lau, ɗana.

Mai Beljiyam:
Na yarda ba ringi ba ne. Amma ina nan a kan cewa bawul sun taɓu.

Oga Na Panteka:
Yanzu a duba maki, wato alamun saitin taimin. Wannan inji ba a saita shi da ido ko da fenti. Akwai rami da ake zura ƙarfe a kulle fulawil, faifan da ke ƙarshen karanshaf ta gefen giyabos, kowane fulin kamshaf kuma yana da nasa ramin da yake haɗuwa da na jikin tof. In ƙasa ta kullu, na sama biyu dole su shige ba tare da dole ba. In ba su shiga ba, taimin ya goce.

Abban Sadiq:
An yi, ina tsaye. Ƙasa ta kullu, na sama duka biyun ba su kai ramin ba, sun rage baya. Bakaniken ya ƙirga ya ce haƙori biyu ne. Na taɓa bel ɗin da hannuna. Jiƙe yake sharkaf da baƙin mai, ƙura ta manne a kai ta zama laka. Bayansa ya yi sheƙi, in ka lanƙwasa shi sai ka ga ƙananan tsaga a gindin kowane haƙori. Haƙoran kansu sun yi mulmul, babu kaifi, gefe ɗaya kuma zare ya fara fita. Ajasta, mai ɗaure bel ɗin, ta saki, da yatsa ɗaya nake tura bel ɗin yana lilo. Man daga sil ɗin kamshaf yake zubowa, ya bi jikin inji har ƙasa. Bakaniken ya yi shiru ya ce bai taɓa kawo taimin a ransa ba tunda mota tana tashi. Yanzu ya ce in sayo sabon bel.

Injiniya Ƙarami:
Ina ganin kada a sayi komai tukuna. Tunda haƙoran ba su zube ba, a mayar da tsohon bel ɗin kan maki, a ɗaure, a juya da hannu, a sake awo da kik kawai ba tare da an tayar ba. In sai an sauke tof saboda ta uku, bel zai sake fita, gara sabon ya hau sau ɗaya.

Oga Na Panteka:
Shawarar Injiniya ta yi. Haka za a yi. Awo kawai, kada a kuskura a tayar da ita a kan wannan bel.

Maman Ilham:
Kafin ya dawo, ni tambayata, ta yaya mutum zai san lokacin canzawa? Mitar motata ba na yarda da ita, 'yar Kwatano ce.

Oga Na Panteka:
Hajiya, kowane kamfani da abin da ya rubuta a littafin motarsa, yawanci tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000 ne, wasu sun fi haka, ko kuma shekaru kaza, duk wanda ya riga zuwa. Mutane suna riƙe kilomita su manta shekaru, alhali roba tana tsufa ko mota tana ajiye. Ni a zafin nan namu da ƙurar hunturu ba na barin na kwastomana ya wuce shekara huɗu. Motar da aka saya ta hannu kuwa, ko daga Kwatano ko daga maƙwabci, in babu takardar da ta nuna ranar da aka canza, ki ɗauka ba a canza ba. Kuma kallon bayan bel ba ya wadatarwa. Yana iya yin kyau a ido, haƙoran su zube gobe.

Abin da yake ci mini rai shi ne marfin nan. A buɗe a yi aiki, a ga mayar da shi wahala ne, a jefa a but. Marfin ne yake tsare bel daga yashi da tsakuwa da ruwan damina. Duk wanda aka yi wa aikin taimin ya tsaya ya ga an mayar da shi da kusoshinsa.

Abban Sadiq:
An mayar kan maki. Na rubuta da ƙirgar Peugeot yanzu: ta ɗaya 176, ta biyu 180, ta uku 110, ta huɗu 178.

Ɗan Maraɗi:
Allahu akbar. Daga bar 8 zuwa sama da 12, ba a canza ko kusa ɗaya ba.

Mai Beljiyam:
Ma sha Allah, ƙasan injin nan yana da rai, na janye maganar saye. Saura ta uku. Fistin ya doke ta, kamar yadda na ce.

Oga Na Panteka:
Zai iya yiwuwa, Alhaji. In kamshaf ya makara, bawul ɗin fita ne yake cikin haɗari, don fistin yana hawowa shi bai gama komawa ba. Amma abu biyu sun hana ni yarda. Makarar ɗaya ce a duka silinda huɗu, me ya sa ɗaya kaɗai za ta daku? Sannan ku koma farkon zancen. Malam ya ce motar ta daɗe tana ɗan girgiza a silo da safe, tun kafin a tura ta. Ina zargin wannan bawul ya daɗe da ƙonewa.

Kafin a kwance, a tabbatar ta ina take zuba. A kawo fistin na uku sama a lokacin da bawul ɗinsa duka suke rufe, a sa giya a ja birkin hannu don kada inji ya juya. A sami tiyon geji a cire masa ɗan bawul ɗin bakinsa, a haɗa da injin iska, ko na mai faci ne. A hura a saurara. In iska tana fita ta salansa, bawul ɗin fita ne. Ta wajen totur, na shiga ne. Ta marfin zuba baƙin mai da ƙarfi, ringi ne, ko da yake ɗan kaɗan a nan ba laifi ba ne. In ruwan lagireto ya yi kumfa, gasket ne ko tof ya tsage.

Rewaya:
Ga masu Honda da ke karantawa, ku in kun ga silinda ɗaya ta faɗi haka, a fara duba ratar bawul kafin a sauke tof. Naku ana saitawa da hannu, in ya matse ba ya rufewa sosai. Na 406 ɗin nan da baƙin mai yake saita kansa, babu abin ɗaurewa.

Abban Sadiq:
Mun hura. Na durƙusa na kara kunne a bakin salansa, iska tana fita shuuu, har ina jin ta a kumatu. Wajen totur shiru, lagireto shiru. An sauke tof da yamma. Kan fistin huɗun babu tabo ko ɗaya, sai baƙin gawayi. Bawul ɗin fita ɗaya na silinda ta uku gefensa ya ci, wani ɗan yanki ya ɓalle kamar an gutsura, launinsa fari-fari, sauran kuwa ruwan ƙasa ne. Da aka kifa tof ɗin aka zuba fetur a ramukan, nan ne kaɗai ya zube.

Mai Beljiyam:
Ƙonewa ce, ba duka ba. Oga, ka fi ni gani a wannan.

Oga Na Panteka:
Tare muka gano, Alhaji, da ba ka matsa ba da ba a hura iska ba.

Malam, yanzu a yi aikin sau ɗaya. A canza bawul ɗin, a duba kujerarsa in ba ta ci ba, a yi wa sauran garandin, wato a goge bakinsu su zauna daidai, tunda an riga an buɗe, a sa sababbin sil na bawul. Tof ɗin alminiyom ne, a ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kansa a ga ko ya banƙare, in bai banƙare ba kada a kankare shi a banza. Kusoshin tof ɗin nan suna miƙewa in an ɗaure su, a auna tsawonsu ko a sa sababbi, a ɗaure da sifana mai awo bi da bi yadda littafi ya ce, ba da dogon bututu da ƙarfin yaro ba.

A wajen taimin kuma kada a sayi bel shi kaɗai. Bel, ajasta, boris ɗin da bel yake bi ta kai, sil na kamshaf biyu da na karanshaf, da famfon ruwa. A wannan inji bel ɗin taimin ne yake juya famfon ruwa, ranar da boris ɗinsa ya cije da bel zai tafi. Ka nemi na kamfanin da aka sani, irin su Gates ko Dayco ko Contitech, wajen mai kayan da ka amince da shi, don ana buga sunayen nan a kan jabu. A wanke wajen tas kafin sabon ya hau.

Baba Tsohon Direba:
A kuma fitar da iska daga hanyar ruwa bayan an haɗa. 406 tana da 'yan kusoshin da ake sassautawa don haka. In aka bar iska a ciki za ta yi zafi, a koma gidan jiya.

Abban Sadiq:
Jama'a, an haɗa mota. Kik ɗaya ta tashi, silo ya tsaya cak, girgizar safen nan ma babu. An auna da ɗumi: 182, 185, 180, 184. Marfin taimin na samo a Ƙofar Ruwa, an ɗaura, bakaniken ya rubuta kwanan wata da lambar mita a jikinsa da farin fenti. Ya ce shi ma zai sayi geji nasa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Oga basira.

Oga Na Panteka:
Amin, Malam. Amma saura abu ɗaya, kada ka ɗauki doguwar hanya tukuna. Bawul ba ya ƙonewa haka kawai, kuma farin launin nan yana nuna silindar ta daɗe tana aiki da ƙarancin mai. Wanke nozul da aka yi da feshi bai isa shaida ba. A kai huɗun wajen masu injin gwaji a ga ko ta uku tana fesa daidai da sauran, a kuma duba robar da ke tsakanin manifol da tof a wannan layin, ko tana shan iska ta gefe. In an gwada ka turo mana abin da kowace ta zuba.